Ƙanen Illmatic

Ranar 2 ga watan Yuli 1996 kamfanin Columbia ya fiddo faifan Nas na biyu, It Was Written. A satin farko kaɗai an sayi kusan dubu 270. Ya hau matsayi na ɗaya a jerin Billboard na faya-fayen da anka fi saye a Amurka, ya yi sati huɗu a can bai sauko ba, kuma kafin shekarar ta ƙare an ba shi shaidar miliyan 2. In ɗan kasuwa za ka tambaya, magana ta ƙare nan. Amma a New York, cikin waɗanda sunka san Nas tun rediyo ba ta san shi ba, da yawa sun saurari faifan sun tashi da ɓacin rai. Maganar da ta yi ta yawo ita ce wai yaron ya saida kanshi. Matashi ɗan shekara 22 ya ci kasuwar ƙasa guda, a satin nan kuma masoyanshi na farko sunka fara yi mishi ta'aziyya.

Babban laifin faifan shi ne yana da yaya. Yayan nashi shi ne Illmatic, wanda ya fito ranar 19 ga Afirilu 1994, kuma har yau in masu sauraren rap sunka zauna lissafin faya-fayen da ba su da na biyu, da wuya a ƙirga uku ba a ambace shi ba. Kowa ya san halin da ƙanen gwani ke shiga a lakwal: malam bai ko buɗe kayenshi ba, ya riga ya ce mishi ai yayanka ba haka yake ba. Ina so in bi shekarun nan biyu in ga mi ya canza a bakin Nas, don a ganina gardamar kuɗi da ta kiɗa ta rufe wata tambaya da ta fi su nauyi, wato wane ne mawaƙin yake yi wa magana.

Sunanshi na yanka Nasir bin Olu Dara Jones. Da a nan ne, Nasiru za mu ce mishi. An haife shi a Brooklyn ranar 14 ga Satumba 1973, ya tashi a Queensbridge, unguwar gidajen gwamnati da ke yankin Queens, dab da babbar gadar da ke ƙetarawa zuwa Manhattan. An buɗe unguwar a 1939, gine-gine 96 ne, gidajen iyali sama da dubu 3, kuma babu irinta da ta kai ta girma a Amurka. Ubanshi mai busa ƙaho ne na jazz, haifaffen Mississippi, wanda ya ɗaukar wa kanshi sunan Yarbanci, Olu Dara. Nas ya bar karatu wajen aji na takwas, kamar 4e ke nan a lissafinmu, daidai lokacin da crack, hodar ibilis ɗin nan da ake dafawa ta daskare, ta mamaye unguwannin talakawan birnin. Unguwar tana da sunanta a rap tun kafin shi: Marley Marl, MC Shan da Roxanne Shanté duk nata ne.

A 1991 anka fara jin muryarshi, baiti ɗaya tak cikin wata waƙar ƙungiyar Main Source mai suna Live at the Barbeque, kuma baitin nan kaɗai ya sa birnin ya fara cigiyarshi. A watan Mayu 1992 anka harbe amininshi Ill Will har lahira cikin unguwar, ƙanen Nas ma harsashi ya same shi amma ya tsira. A shekarar ne MC Serch ya kai shi Columbia.

Yadda anka haɗa Illmatic sabon abu ne a lokacin. Da can al'adar ita ce mawaƙi ɗaya da mai haɗa kiɗa ɗaya, su yi faifai daga farko har ƙarshe. Nan kuwa manyan gwanayen New York ne sunka taru kan yaro ɗaya: DJ Premier waƙa uku, Large Professor uku, Pete Rock ɗaya, Q-Tip ɗaya, sai L.E.S., ɗan unguwarsu, ɗaya. Baƙon da ya yi baiti ɗaya ne rak, AZ, kuma a ƙarshen waƙar tasu uban Nas ne ke busa. Duka-duka abu goma ne har da gabatarwa, bai cika minti 40 ba. Waɗanda sunka yi aikin sun ce ɓarayin kaset ne sunka sa haka: waƙoƙin sun riga sun tsere suna yawo a titi, dole anka rufe aikin da sauri. Ka ga ke nan gajartar da ake yabo yau, wadda ake cewa ba ƙashi ba kitse sai tsoka, rabinta ɓarayi ne sunka yanka ta.

Sunan ma abin dubawa ne. A Ingilishin littafi ill na nufin marar lafiya. A sarar baƙaƙen New York kuwa an juya kalmar ta koma yabo, kamar dai yadda a fada in yaro ya yi abin burgewa za ka ji an ce kai, shege ne, ko mugu ne, kuma kowa ya san kirari ake yi mishi. Sai anka liƙa mata ɗafa-ƙeyar nan ta kalmomin injina, wadda ke cikin otomatik. Wanda ba ɗan gida ba, tun daga bangon faifan an bar shi a waje.

Mujallar The Source, wadda a lokacin hukuncinta ne hukunci, ta ba shi makirfo biyar, iyakar makin da take badawa. The Chronic na Dr. Dre, duk da girgizar da ya yi a 1992, huɗu da rabi ya samu. To amma kasuwa ba ta karanta mujallar ba. Illmatic ya shiga Billboard a na 12, satin farko wajen dubu 60, kuma sai a Janairu 1996 ya cika rabin miliyan. Wata biyar bayan fitowarshi, a Satumba 1994, wani ɗan Brooklyn, Notorious B.I.G., ya fiddo Ready to Die. Shi ma labarin titi ne mai duhu, sai dai Puff Daddy ya sa an dasa waƙoƙi biyu-uku masu laushi waɗanda rediyo za ta iya sawa da rana. Faifan ya saida miliyoyi. A bikin kyaututtukan The Source na Agusta 1995, Biggie ne ya tafi gida da kambin gwanin kalmomi. Duk wanda ke son fahimtar It Was Written sai ya tsaya nan ya ɗan yi tunani: kai ne anka ce babu kamarka, ga wani ya kwashe kuɗin, ya dawo ya kwashe yabon.

Nas ya canza hannu. Ya ɗauki Steve Stoute ya riƙe mishi harka, Stoute kuma ya kawo Trackmasters, wato Poke da Tone, waɗanda sunka ƙware wajen ɗauko kiɗan da kunne ya riga ya sani su goge shi ya yi sheƙi. Wajen rabin sabon faifan nasu ne. The Message an ɗora ta bisa jitar Sting. Street Dreams ta ari karin wata waƙar Eurythmics ta shekarun 1980 wadda duniya duk ta sani. If I Ruled the World ta farfaɗo da waƙar Kurtis Blow ta 1985, anka sa Lauryn Hill ta yi amshi a shekarar da Fugees ke kan ganiyarsu. Cikin tsofaffin gwanayen, Premier waƙa ɗaya ya samu. Pete Rock, Q-Tip da Large Professor ko ɗaya. Waƙoƙi 14, kusan awa guda.

Wanga shi ne abin da masu suka sunka riƙe, kuma ba ƙarya sunka yi ba. Sai dai in an matsa hujjar tana ɗan yoyo. It Ain't Hard to Tell, wadda ke rufe Illmatic, bisa Human Nature ta Michael Jackson take zaune, kuma ban san abin da ya fi Thriller zama kayan kasuwa ba. The World Is Yours kuwa daga fim ɗin Scarface ta samo sunanta. Aron kiɗan da ya yi suna da sha'awar fina-finan ƴan daba duk suna nan tun farko. Bambancin yana wani wuri, kuma ni a cikin sunaye na fara ganin shi.

Ɗauki takarda ka saurari Illmatic, ka rubuta duk sunan yanka da ka ji. Za ka cika shafi da sunayen layuka da kusurwoyin Queensbridge, da laƙabin abokai, wasu na kurkuku wasu na kushewa, ba wanda anka yi maka bayaninshi. Ana ce maka wane ya fito, wance ta haihu, kamar kai ma ka san su. A aji muna kiran irin wanga abu deixis, kalmomin nuni, su nan da can da jiya da wancan, waɗanda ba su da ma'ana sai in kana tsaye inda mai magana yake tsaye. Illmatic cike yake da su. One Love ma wasiƙa ce zuwa ga abokai da ke ɗaure, ana ba su labarin gida, wa ya ci amana, wa anka harbe, uwar wa ke kuka. Kai mai saurare ba kai anka rubuta wa ba. Leƙe kake yi, kuma daɗin faifan yana cikin leƙen nan: ka faɗo tsakiyar hirar da ba a rage mata gishiri don baƙo ba.

Sake ɗauko wata takardar don It Was Written. Unguwar tana nan, ba ta ɓace ba, amma sunayen da sunka yi yawa yanzu na motoci ne, da tufafin Italiya, da giya mai tsada, da iyayen gidan mafiya. Eh, a Illmatic ma akwai kwalba ɗaya-biyu, sai dai can mafarkin yaro ne da ke zaune bisa benci. Nan kuwa kayan ɗakin ne. Irin waɗannan sunaye ba su buƙatar ka san Vernon Boulevard. Yaron Texas ya san su, na Marseille ya san su. Mai magana ya juyo daga abokinshi ya fuskanci taro, ya zaɓi kalmomin da na bayan taro zai gane. Ina jin zafin da ƴan New York sunka ji daga nan ya taso, ko da sun kira shi da sunan kiɗa. Da su ake hira, sai sunka ga an ɗaga murya don wasu.

Abu na biyu shi ne wakilin suna. A Illmatic, ni ɗaya ce daga farko har ƙarshe: saurayin nan da ke kallon unguwa ta taga, wani lokaci yana ciki wani lokaci yana gefe. Ko ya yi ƙari, ka san bakin wa ƙarin ya fito. A It Was Written kalmar ni ta zama riga. Faifan ya buɗe da ɗan wasan kwaikwayo a gonar bayi, Nas ne bawan da ya yi tawaye. Can gaba shi ne Nas Escobar, uban gidan masu safarar hoda. A ƙarshe shi ne mai mafarkin mulkin duniya, yana buɗe ƙofofin gidajen kaso. A tsakiya kuma shi bindiga ne.

Waƙar bindigar, I Gave You Power, ita ce wadda Premier ya haɗa, kuma ni dai a wurina babu abin da ya fi ta a faya-fayen biyu. Dabarar ita ce wadda masu nazarin adabinmu ke kira mutuntarwa. Bindiga ce ke bada tarihinta: an kankare mata lamba, ta bi hannu-hannu, an ɓoye ta, ta ga abin da ake yi da ita, ta gaji. Ran nan mai ita ya ɗauko ta zai je ramuwa, ya ja kunama, sai ta ƙi tashi da gangan. Shi anka kashe. Tana kwance a ƙasa tana murnar ta huta, sai wani hannu ya zo ya ɗauke ta. Shi ke nan. Babu wa'azi ko kaɗan, amma duk wanda ya tuna yadda Ill Will ya mutu ya san abin da ake faɗi. Yaron da ya rubuta Illmatic bai kai ga wagga ba tukuna, don sai ka iya fita daga jikinka kafin ka yi magana da bakin ƙarfe. Rigar da ake zargin ya sa, ita ce ta ba shi wannan waƙa.

Ta fannin sarrafa harshe ma ƙanen bai gaza ba. Rubutacciyar waƙarmu ta saba da amsa-amon waje, gaɓar ƙarshen ɗango ita ke ɗauke da nauyin, a yi baiti hamsin duk suna faɗuwa kan gaɓa ɗaya. Nas, bisa sawun Rakim da Kool G Rap, amsa-amon ciki ne makaminshi: gaɓa biyu ko uku a jere suna amsa wasu biyu ko uku, a tsakiyar ɗango, wani lokaci su tsallaka cikin na gaba. Kuma wasula yake bi, ba rubutu ba. Karin harshenshi yana haɗiye r ta ƙarshen gaɓa, don haka kalmomin da a takarda ba su haɗa komi ba, a bakinshi sai su zama tagwaye. Saurari The Message ko Take It in Blood da kunnen nan. Saƙar ta fi ta 1994 matsewa, numfashin ya fi zama. Wanda ya ce alƙalamin ya dakushe a 1996, amshin ya saurara, bai shiga baitocin ba.

Af, sunan faifan ma yana wasa da alƙalami. Fassararshi an rubuta, da wakilin sunan nan namu marar fuska, kuma mu nan ba sai an gaya muna wa ya rubuta ba: rubutacce ba ya kankaruwa. Amma a rap akwai ma'ana ta biyu, don ana yi wa Biggie da Jay-Z kirarin cewa ba su riƙe bik, a ka suke tsara baiti. Nas mutumin kaye ne, kuma ya sa haka a bango.

To ina faifan ya faɗi? Ya faɗi a Nas Is Coming. Haɗuwa da Dr. Dre a tsakiyar rikicin gabas da yamma, wata kaɗan bayan Dre ya bar Death Row, babban labari ne a jarida, amma waƙar ta fito sanyi ƙalau, amshinta kamar tallar sabulu. Ya faɗi kuma a wurin da ya fi damuna, sunan Escobar. Ba shigar burtun ce matsalata ba. Ɗan tauri in yana kirari yakan ce shi ne dodo, shi ne mutuwa, ba mai tashi ya ce mishi ƙarya kake. Kuma salon mafiya shi ne yayin shekarar. Raekwon ya buɗe ƙofar a Agusta 1995 da Only Built 4 Cuban Linx, Nas ma yana ciki. Abin shi ne Pablo Escobar mutum ne na gaske, an kashe shi a Medellín ta Kolombiya a Disamba 1993, kuma hodar irin su ce ake dafawa a saida a matakalan Queensbridge. Yaron da ya fi kowa iya faɗin abin da hodar ta yi wa unguwa, shi ne ya wayi gari da sunan mai aiko ta. A bidiyon Street Dreams, wanda Hype Williams ya ɗauka a Las Vegas yana kwaikwayon fim ɗin Casino, ga shi nan cikin kwat ruwan hoda. Kyau kam ya yi kyau. Amma idon da ya ga yaron nan na baitin ƙarshe na One Love, ɗan ƙaramin da ke zaune bisa benci da bindiga a jiki, ba shi ne ke kallon kyamara ba.

Zancen amshi da kuɗi kuwa, in ka taso a ƙasar Hausa sai ka ga gardamar da ɗan ban mamaki. Makaɗin da ba ya da ƴan amshi ai abin tausayi ne, kuma ba mu taɓa jin an ce waƙa ta lalace don sarki ya bada doki ba. Abin da muke tambaya shi ne ko waƙar ta kai dokin. Su kuwa a New York ta 1996 sun ɗauki rap kamar shaida gaban alƙali, mai shaida kuma in anka ga kuɗi a hannunshi, maganarshi ta zube. The Source ta ba faifan makirfo huɗu, maki mai kyau ga kowa, amma ga ƙanen mai biyar faɗuwa ce.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa yayan girma. Tupac ya ɗauki The Message habaici ne gare shi, ya maida martani a waƙar da ta fito bayan an kashe shi a Satumba 1996. Ƙungiyar The Firm, wadda anka gabatar a Affirmative Action da AZ da Foxy Brown da Cormega, ta fiddo faifanta a 1997 bayan an cire Cormega an sa Nature, kuma bai gamsar ba. Faya-fayen Nas biyu na 1999 sun ƙara ba masu suka abin faɗi. Sai a Satumba 2001 Jay-Z, wanda shi kanshi ya taɓa aron muryar Nas daga Illmatic ya yi amshi da ita, ya yi mishi zambo a Takeover, ya ƙirga faya-fayenshi ɗaya bayan ɗaya ya nuna na farkon kaɗai ne abin kirki. Dubi makamin: da aikinka anka doke ka. Nas ya rama da Ether, ya sa wa sabon faifanshi suna Stillmatic, wanda ya fito 18 ga Disamba 2001. Sunan kaɗai amsa laifi ne, ko ya so ko bai so ba.

Sati ɗaya kafin nan, ranar 11 ga Disamba, Illmatic ya cika miliyan ɗaya. Shekara bakwai da kusan wata takwas ya ɗauka. Su wa sunka saye shi a tsawon lokacin nan? Ba ƴan Queensbridge ba, su tuni suna da kaset ɗin ɓarayi. Ina kyautata zaton da yawansu mutanen bayan taron nan ne, waɗanda amshin Lauryn Hill ya jawo, sunka ji ana cewa ai ba ku ji komi ba, ku nemi na farko. Daga baya jami'o'i sunka shigo: littafi guda na malamai, kowane da waƙar da ya ɗauka ya feɗe, tallafin bincike da sunan Nas a Harvard a 2013, fim ɗin tarihi a 2014, a 2021 kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa Illmatic cikin muryoyin da ƙasa za ta adana.

Ƙanen ba a yi mishi ko ɗaya cikin waɗannan ba, amma yana da nashi zuri'a. Lupe Fiasco na Chicago ya sha faɗin cewa It Was Written ne faifan da ya gina shi, kuma duk mai sauraren Lupe ya san yadda yake son ba abubuwa baki su yi magana. Ya kuma ƙetare teku ta hanyar da Illmatic bai bi ba. Columbia ta Sony ce, Suprême NTM na Faransa su ma a gidan Sony suke, sai anka sake Affirmative Action da Kool Shen da JoeyStarr, anka laƙaba mata sunan Saint-Denis, Ingilishi da Faransanci suna karɓa-karɓa bisa kiɗa ɗaya. Yayyenmu da sunka fara rap a Yamai ƙarshen shekarun 1990 kunnensu ɗaya yana Faransa, kuma a Faransa lokacin wagga waƙa tana ko'ina.